Ranar da zaren ya tsinke, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

'Yan'uwa, shekaranjiya da hantsi na ga abin da ya hana ni sukuni. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, famfo kuwa dama an manta rabonsa da ruwa. Mata da yara suka yi dogon layi da jarkoki da bokitai a ƙofar wani gida mai burtsatse da sola. Tankin gidan ya cika har yana ambaliya, ruwa na bin katanga yana gangarowa kwata. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce Alhaji ya ce ba a ɗiba. Sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma ba ta durƙusa a bakin kwatar, tana tarar abin da ke zubowa da murfin bokiti tana juyewa a jarka.

Ba zan kama sunan kowa ba. Mai gidan nan ba mugu ba ne a yadda muka san mugunta, a sahun farko yake salla. Abin da ya kama shi, shi ne ya kama da yawanmu: zuciya ta gaya masa ya wadatu, ba zai ƙara buƙatar kowa ba. Yana da wutarsa, yana da ruwansa, kuɗinsa na cikin waya. To maƙwabci na mene ne?

Alhaji, don Allah zauna mu yi lissafi. Famfon da ke jawo maka ruwan nan daga ƙarƙashin ƙasa, a ina aka ƙera shi? Farantan solar da baturan, wane ne a zuriyarku ya san yadda ake haɗa su? In wani ɗan ƙarfe ya lalace a ciki, sai jirgin ruwa ya keto teku ya sauke a Legas, sai tirela ta sha man dizal ta taho da shi. Tuwon da Hajiya ta tuƙa daren jiya ma haka ne. Masarar ta sha takin yuriya, yuriyar kuma da iskar gas ake yin ta a masana'anta. Inji ne ya niƙa, tukunyar gas ce ta dafa, da tiransifa aka biya kuɗin cefanen, tiransifar kuma ba ta tafiya sai da sabis, sabis ba ya tsayawa sai janareta na ruri a gindin ƙarfensa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau abincin da takin zamani ya fitar suke ci. Rayuwar zamanin nan kamar carbi take, 'ya'yan da yawa, gwanin kyau, amma zare guda ne ya riƙe su. Kuma babu ɗayanmu da ƙarshen zaren yake hannunsa.

Sau nawa Allah Ya girgiza mana zaren nan don mu farka?

A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mun ga magidanci da miliyoyi a asusu ya kasa sayen koko da ƙosai. A watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, aka kuma rufe iyaka. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun san yadda kwanakin nan suka kasance. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu suka lalace a ƙarƙashin teku daura da Kwaddibuwa, sai ga harkar banki ta rikice wa mutumin da bai taɓa ganin teku ba. A Oktoban 2024 kuma, ɓarayi sun riga sun lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sai ɗayan layin da ya rage, wanda ke biyowa ta Binuwai, shi ma ya faɗi. Jihohi 17 na Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Mai walda ya zauna, mai niƙa ya ninka kuɗi, ƙanƙara ta zama abin nema, allurai suka lalace a firji, layin cajin waya ya fi layin asibiti tsawo.

Kada wani ya ce ai wannan lalacewar ƙasarmu ce kawai. A Maris 2021 jirgin ruwa ƙwaya ɗaya ya gitta a mashigin Suez kwana shida, jirage sama da 400 suka tsaya cak da kayan duniya a cikinsu. Ranar 28 ga Afrilu 2025, da tsakar rana, wuta ta ɗauke gaba ɗaya a Sifaniya da Fotugal. Jiragen ƙasa suka tsaya a daji da fasinja, na'urorin cirar kuɗi suka mutu, Turawa suka bazama neman kyandir da rediyo mai batir. Su da suka ƙera abin ke nan.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne Sudan, domin can akwai jininmu. Tun zamanin tafiya hajji a ƙasa Hausawa suke zaune a can, ga Mai Wurno a bakin Kogin Nilu da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Khartum birni ne kamar kowane babban birni: jami'o'i, bankuna, asibitoci, filin jirgi, masana'antu, matatar mai a arewacinsa. Cikin azumi mutane suka wayi gari da ƙarar bindiga. A 'yan makonni wuta ta tafi a unguwanni da dama, tashoshin ruwa suka tsaya, aka wawashe bankuna, likitoci da malaman jami'a suka koma ɗibar ruwa daga kogi. Mutane sama da miliyan 10 suka bar gidajensu. Waɗanda suka rage suna rayuwa ne da 'yan kuɗin da dangi ke turowa ta manhajar banki, sai a Fabrairun 2024 aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni, wannan ƙofar ma ta rufe.

Me ya riƙe mutane? Tukunyar unguwa. Takaya suke kiranta, tsohuwar al'ada ce ta zawiyoyin malamai inda ba a korar mai jin yunwa. Matasan unguwanni suka raya ta, wannan ya kawo wake, wancan ya kawo gawayi, mata suka tsaya a bakin murhu harsashi na wucewa ta samansu, aka girka aka raba wa kowa ba a tambayar ɗan gidan wane ne. Mai katanga da wayar lantarki a kanta shi ma da kwanonsa ya fito. Wallahi ba ina cewa masifa ta same su don sun fi mu laifi ba, Allah Ya kiyashe ni da wannan magana, cikinsu akwai bayin Allah da ba mu kama ƙafarsu ba. Cewa nake yi gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, kai kuwa ko ruwan shafawa ba ka nema ba.

Yanzu mu dubi kanmu. Mu da aka ɗan taɓa mu kaɗan, me muka yi?

Lokacin ƙarancin kuɗi, ɗan'uwa Musulmi ya zauna a ƙarƙashin lema da na'urar POS yana sayar wa ɗan'uwansa naira da naira, mace na kuka ɗanta na kwance a asibiti, shi yana cewa in ba za ta biya ba ta matsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, kafin la'asar gidajen mai da yawa sun ja ƙofa sun rufe, alhali man da ke cikin tankunansu a tsohon farashi suka saye shi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, wasu a ranar suka yi kuɗin da suke alfahari da shi har yau. Mai buhunan hatsi ya ƙara kwaɗo a sito yana jiran mudu ya ƙara tashi. Subhanallah! Wannan fa girgiza ce kawai, zaren bai tsinke ba. In har a gwaji ɗan ƙarami haka muka ci naman junanmu, ranar babban fa?

Ku karanta aya ta 112 a Suratun Nahli da idon yau. Allah Ya buga misali da wata alƙarya da ke cikin aminci da natsuwa, arzikinta na zo mata a yalwace daga kowane wuri, sai ta butulce wa ni'imomin Allah, sai Ya ɗanɗana mata tufafin yunwa da tsoro. Daga kowane wuri! Alkamar burodinka daga ƙetaren teku, maganin hawan jinin mahaifiyarka daga Indiya, wayar hannunka daga Sin. An taɓa yin al'ummar da arzikinta ke zo mata daga kowane wuri kamar mu? Butulcin kuma ba sai ka furta da baki ba. Ka ɗauka ni'imar haƙƙinka ce, ka ɗauka dabararka ce ta kawo ta, ka rufe ƙofa a kanta. Shi ke nan ka yi.

Kai mai rarar ruwa, ina jiye maka tsoron hadisin nan na Bukhari, na mutumin da ya hana rarar ruwa, Allah zai ce masa ranar ƙiyama: yau zan hana ka falalata kamar yadda ka hana rarar abin da ba hannuwanka ne suka yi shi ba. Kai ka haƙa ramin, na yarda, ka kashe kuɗi. Ruwan fa, wa ya ajiye shi a can ƙasa? In ya ƙafe gobe, wa zai zo maka da wani?

Ban ce a jefar da waya a koma aci-bal-bal ba. Ni'ima ce, da ita nake rubuta muku wannan. Injin wankin ƙoda ni'ima ne, allurar rigakafi ni'ima ce. Abin da ke ci mini rai shi ne da muka karɓi sabon, sai muka yi watsi da abin da iyayenmu suka tanada don ranar tsanani. An cike rijiyar tsakar gida an shafe da siminti. Rumbu ya zama abin kunya, ɗan birni ba ya so a ce gidansu na ƙauye akwai shi. Gonar gado an yanka ta fuloti-fuloti an sayar an sayi mota. Zaure ya tafi, get ya zo. Ciyayya ta mutu, da yamma ba ka ƙara ganin yaro da kwanon tuwo a ka an aike shi gidan maƙwabta. Gayya kuwa sai a labari. Yaro ya kai shekara ashirin bai san ganyen gero da na dawa ba, yarinya ba ta iya hura wutar icce ba, kuma iyayen da alfahari suke faɗa. Mafi muni, mutum ya shekara biyar a layi bai san sunan wanda suke katanga ɗaya ba, amma yana da abokai dubu biyar a Facebook. Ranar da babu sabis, wanne daga cikinsu zai kawo maka ruwa?

Kuma kada a fake da tawakkali. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka yi ana ajiye hatsi a zangarniyarsa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Tanadin iyali daban, ɓoye abincin kasuwa don a matse talaka daban, kowa ya san bambancinsu a zuciyarsa. Wanda Allah Ya hore masa, ya ajiye buhu ko biyu da kaka, ya sa a ransa cewa akwai rabon gidan marayun layinsu a ciki. Mai fili ya shuka wani abu ko zogale ne. A yashe rijiyar masallaci. A koya wa yara aikin hannu.

Na san da yawa masu karanta wannan za su ce, Malam, wanda bai da na yau ina ya ga na ajiya? Gaskiya ne, kuma zuciyata na tare da ku. Amma ku tuna Ash'ariyawa, mutanen ƙabilar sahabi Abu Musa al-Ash'ari. In guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara ɗan abin da ya rage a mayafi guda, su raba daidai da awo guda. Annabi ya ce su nasa ne, shi nasu ne. Ba masu kuɗi ba ne suka samu wannan shaida, masu ƙarancin abinci ne. Wannan tanadin kowa na iya yinsa, sai dai ba a fara shi ranar yunwa. Mutanen da ba sa gaisawa a lokacin ƙoshi ba za su haɗa kwano a lokacin tsoro ba.

Don haka ina roƙonku don girman Allah. Alhaji, ka fito da famfo ɗaya waje, ko awa biyu ne a rana. Hajiya, in an sauke tukunya a zuba na maƙwabta, ko ba su nema ba. Ɗan'uwa mai shago, ranar da kaya suka yanke kada ka mayar da hawayen mutane jari. Matasa, yadda kuke haɗa kuɗin kallon ƙwallo, ku zauna ku san gida nawa ne a layinku ke da tsoho mara mai dubawa, da mai ciwon suga, da mai jego. Yau ɗin nan, bayan magariba, ka taka ka yi sallama a ƙofar da ka daɗe kana wucewa. Kada ka ce sai gobe.

Ya Allah, muna neman tsarinKa daga gushewar ni'imarKa, da juyawar lafiyar da Ka ba mu, da aukowar azabarKa ba zato, da dukkan fushinKa. Ya Allah Ka yaye wa mutanen Sudan, Ka mayar da su gidajensu cikin aminci. Ku buɗe ƙofofin nan, jama'a. Don Allah ku buɗe.