Tsuntsayen da ake ƙetaro teku a zo gani suna bayan garinmu

Akwai maganar da na daɗe ina son yi wa 'yan'uwana mutanen Jos, musamman matasanmu na Gangare, Rikkos, Dilimi da Unguwar Rogo. Mutum zai taso tun daga Ingila ko Suwidin, ya biya kuɗin jirgi, ya sauka Abuja, ya biyo ta Akwanga ya hauro tudun nan, don kawai ya sa ido a kan wani ɗan tsuntsu da tsawonsa bai wuce na tafin hannu ba. Mu kuwa da muke kwana kamar kilomita 15 daga inda tsuntsun yake, in ka ce za ka fita kallon tsuntsaye sai a ce ka rasa abin yi. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin asara muke tafkawa, ta ilimi da ta abin sawa a bakin salati. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami.

Wurin da nake nufi shi ne dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas. Ba wani ƙaton daji ba ne, bai wuce hekta 300 ba, duwatsu ne da ciyayi da duhuwar itatuwa a bakin rafi. Amma an ga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, alhali duk faɗin Najeriya abin da aka sani ya ɗan haura iri 900. A nan aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a shekarar 2001, tana aiki tare da Jami'ar Jos. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa su yi digiri na biyu a wurin su koma gida. Ku tambayi kanku, a unguwarku mutum nawa ne suka taɓa jin sunan wurin?

Tsuntsun da ya fi jawo baƙi shi ne wanda masana ke kira Rock Firefinch, ɗan'uwan jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu, sai dai shi a duwatsu yake zama. Namijin ja ne har gadon baya, kansa toka-toka. Sai a 1998 masanin tsuntsaye Robert Payne ya tabbatar wa duniya cewa iri ne mai zaman kansa, kuma daga tudun Jos aka gano shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabcinsa, Jos Plateau Indigobird, baƙi wuluk mai sheƙi da farin baki. Macensa ba ta yin sheƙa. Lallaɓawa take ta saka ƙwanta cikin sheƙar jan tsuntsun, shi ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zane a cikin bakinsa irin na 'ya'yan gidan, don haka ba a gane bare ne. In namiji ne, idan ya girma, waƙar uban riƙonsa zai riƙa rerawa cikin tasa, macen da aka raina a irin wannan gida kuma ta wannan waƙa take gane mijin da ya dace da ita. Wanda ya ji wannan bai ce Allahu Akbar ba, ban san me zai gani ya ce ba.

A nan ne amfanin ɗan jagora yake. Wata safiyar Nuwamba muna bin wata siririyar hanya tsakanin duwatsu, sanyi na ratsa rigar sanyi, hazo bai gama ɗagawa ba. Ni dai hayaniyar tsuntsaye kawai nake ji. Sai saurayin da ke gabanmu ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Malam, tsaya. Ka ji wancan?" Na ce ina ji, ai jan ne. Ya ce, "Muryar tasa ce, amma duba can ƙololuwar busasshen reshe." Na ɗaga madubin hangen nesa, sai ga baƙin a tsaye shi kaɗai, yana ta zuba waƙar wani. Bai buɗe littafi ba, bai taɓa waya ba. Kunnensa kawai. Wannan ƙwarewa ce da ake shekaru ana tarawa, kuma sana'a ce kamar kowace sana'a.

Sai kuma baƙin hunturu. Daga wajen Satumba zuwa Nuwamba ƙananan tsuntsaye ke sauka mana daga Turai, bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, mafi yawa cikin dare suke tafiya. Wasunsu nauyinsu bai kai giram 10 ba. Suna nan cikin gonakin da aka girbe, da lambunan noman rani na bakin tsofaffin tafkunan kuza, da ƙayoyin gefen hanya, har zuwa Maris da Afrilu. Ɗan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa a ciki da ke kaɗa jela yana bin sawun shanu yana kama ƙwari, yawancinsu daga can suke. Akwai wani da ake kira Whinchat, mai farar gira, mai son tsayawa kan karan dawa. Masu bincike a nan Jos sun sa wa da yawa zobba masu launi a ƙafa, suka ga cewa wanda ya tsira yakan dawo ɗan filin da ya zauna bara, ba wani ba. Wasu an ɗaura musu 'yar na'ura a baya, ta nuna cewa a gabashin Turai suke yin sheƙa. Wato manomin da ke bayan Laminga yana da baƙon da ke sauka a gonarsa duk shekara daga wata uwa duniya, shi bai sani ba.

Na taɓa tsayawa inda ake sa zoben. Ana kafa siririyar raga tun da asuba, a ciro tsuntsu a hankali a sa shi cikin 'yar jakar ƙyalle. Mai aikin ta riƙe wuyansa tsakanin yatsu biyu, ta auna fiffike, ta ɗora shi kan sikeli, sannan ta juya shi ta hura gashin cikinsa. Sai fatar ta bayyana, ga kitse rawaya-rawaya kwance a ƙarƙashi. Ta ce mini wannan ne guzurinsa na ƙetare hamada, kuma wasu kafin su tashi sai nauyinsu ya kusa ninkawa. Da 'ya'yan itatuwanmu da ƙwarin dajinmu suke tara shi. Ta buɗe hannu, ya yi fir ya shige duhuwa.

Saboda haka abin da ya same mu yana samunsu. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga fiye da rabin wani iri da ake kira Whitethroat bai koma ba. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su, farin nan da iyayenmu suka sha wuyarsa a farkon shekarun 1970. Tsuntsu ya riga mutane da yawa ba da labarin.

Kada wani ya ce mini wannan al'adar Turawa ce. Kakanninmu da zuwan shamuwa suke sanin damina ta ƙarato, su fara gyaran gona. Makiyayi ya san carki da balbela fiye da mai digiri. Maharbi ya san inda fakara ke kwana da lokacin da zabin daji ke saka ƙwai. Wa ya kai mu labarin alhudahuda? Sanin yana nan, mu ne muka daina ɗaukarsa a bakin komai, shi ya sa abubuwa ke ɓacewa a gabanmu ba mai cewa uffan. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa, yau da wuya ka gan shi a dajin Najeriya. Ungulu da a da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 aka sa irin da muka saba gani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, ga guba, ga masu saye don haɗa magani. Yaron da aka haifa cikin 'yan shekarun nan a Jos zai iya girma bai taɓa ganinta ba. Wannan yana ba ni baƙin ciki matuƙa.

Abin da nake so shi ne aikin jagoranci ya zama namu, a yi shi da Hausa da sauran harsunan tudun nan. Yaron da ya fi kowa iya harbi da danƙo a unguwa, shi ne ya fi kowa ido da haƙuri da sanin inda tsuntsu ke sauka. Zagi ba zai hana shi ba. A miƙa masa madubin hangen nesa ya ga ƙwayar idon abin da yake harbi, a nuna masa cewa mai kai baƙi kallo yana samun na kansa yau, gobe ma ya samu, tsuntsun na nan da ransa. Tun 2015 akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta, inda kowa zai iya rubuta abin da ya gani da manhajar BirdLasser a wayarsa, kuma matasan Arewa da dama sun shiga sun zagaya wuraren da ba a taɓa ƙirgawa ba. Ba a tambayar takardar makaranta kafin a fara.

Malaman makarantun boko da na Islamiyya, ku nemi izini ku kai yara, mata da maza. Madubi ɗaya ya ishi mutum biyar in ana karɓa-karɓa. Ni a ganina ma fita irin wannan tana da wani amfanin da garinmu ke buƙata, domin yaron Rikkos da yaron Laminga su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna neman abu guda a kan reshe ba ƙaramin abu ba ne a Jos.

Masu zuwa kuma, don Allah ku kiyaye. A fita kafin rana ta ɗaga, a rage surutu, kada a taɓa sheƙa, kada a yi ta kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, yana barin ƙwansa ne ya fito neman abokin gaba. A gaida mutanen ƙauye, a nemi izini kafin a ratsa gonar wani. Kuma a biya ɗan jagora haƙƙinsa cikakke, a daidaita kuɗin tun kafin a kama hanya, kada a sallame shi da "Allah ya saka" da kuɗin acaɓa.