Takunkumin Turai da takunkumin ECOWAS

Ina zaune a Jamus lokacin da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022. Kowace kafar labarai maganarta ɗaya ce: a kare dimokuraɗiyya, a ƙaƙaba wa Mosko takunkumi. Na yarda da su, domin ba a shiga ƙasar mutane da tankokin yaƙi a ce an yi daidai. Amma na zuba ido in ga yadda Turawa za su yi da makamashi, tunda fiye da rabin iskar gas ɗin da Jamus ke shigowa da ita a lokacin daga Rasha take zuwa.

Sannu a hankali suka bi abin. Tarayyar Turai ba ta hana sayen kwal ɗin Rasha ba sai a watan Agusta. Ɗanyen man da ake kawowa ta teku kuwa sai Disamba, fiye da wata tara bayan fara yaƙi, kuma aka ɗaga wa Hangari da Sulobakiya ƙafa kan man da ke zuwa musu ta bututu. Gas ma ya ci gaba da ratsa Yukiren ɗin kanta zuwa Turai har 1 ga Janairun 2025. A tsakanin nan ministan tattalin arzikin Jamus na lokacin Robert Habeck ya garzaya Ƙatar neman madadi, ba wanda ya tsaya tambayar ko ana zaɓe a can. Wasu na kiran wannan munafunci. Ni abin da na gani shi ne gwamnatocin da suka fara lissafa sanyin hunturu da masana'antunsu kafin su ɗaga sanda.

Sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yulin 2023. Cikin kwana huɗu ECOWAS ta rufe iyakoki, ta tsayar da cinikayya, har da barazanar tura soja. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take. Ban goyi bayan kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ba, har gobe ma ba na goyon baya. To amma janar-janar ɗin ba su kwana cikin duhu ba. Asibitoci da masu neman magani da 'yan kasuwar bakin iyaka, ta ɓangarorin biyu, su suka ji a jikinsu.

Me aka samu? A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Bazoum na tsare. Mali da Burkina Faso da Nijar sun riga sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, sun kuma sanar da ficewa daga ECOWAS. A nan Turai kuwa yaƙin ya ƙara wa NATO mambobi biyu, Finlan da Suwidin. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, shugabanninmu sun ari kalmar takunkumi daga Turawa, amma ba su tsaya sun lissafa wanda zai fara jin zafinsa ba, ga shi kuwa mutanen da ke Maraɗi da Katsina dangin juna ne.