Daga Tudun Wadar Kaduna zuwa kudancin Shikago

Shekarata shida a Shikago, ina tuƙin tasi da rana, da yamma ina karatun ilimin zamantakewa. Abin da ya fara tsaya min a rai a garin nan jirgin ƙasan cikin gari ne, wanda ake kira Jan Layi. In ka hau daga arewa, taragon cike yake da fararen fata. Ana wuce tsakiyar gari aka nufi kudu sai su yi ta sauka, kafin a kai tashar titi na 95 kusan mu kaɗai ne, baƙaƙe. Ranar da na fara lura da haka, Kaduna ce ta faɗo min.

Ni ɗan Tudun Wada ne. Lokacin rikicin shari'a na Fabrairun 2000, muna da maƙwabci Kirista, kafinta. Kwana uku mahaifina ya ɓoye shi da iyalinsa a ɗakin kakarmu. Da ƙura ta lafa ya kawo a-kori-kura ya kwashe kayansa zuwa Sabon Tasha. Matarsa ta turo wa mahaifiyata turminta tana share hawaye, ta ce, "Maman yara, riƙe wannan, ba wuri a mota." Turmin na nan har gobe. Tun daga lokacin kogin Kaduna ya zama iyaka: Rigasa da Kawo namu, Narayi da Television nasu.

A aji an koya mana yadda masana suka kalli irin wannan. Emile Durkheim ya ce addini ne ke ɗaure jama'a wuri guda, kuma ina ganin gaskiyarsa duk Juma'a, inda ɗan Senegal da Balarabe da baƙar fatar Amurka ke haɗa kafaɗa a sahu ɗaya. Sai dai igiyar da ta ɗaure na ciki ita ce ke barin wani a waje. Su Erving Goffman kuma tambarin da ake liƙa wa mutum suka duba. Nan fatata ke shiga gabana. Na sha ganin fasinja ta leƙo ta gan ni ta ƙara rungume jakarta. A gida kuwa fata ɗaya ce, sai a tambayi sunanka.

Amma ni na fi gamsuwa da tambayar almajiran Karl Marx: wa ke cin riba? Rabuwar Shikago ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa ja a unguwannin baƙaƙe, bankuna suka ƙi ba da rancen gida a can. Sai 1968 doka ta haramta wariya a sayarwa da hayar gida, bayan dukiya ta riga ta taru a ɓangare guda. Haka in ka duba Jos, rikicin Nuwamban 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi. Ƙarƙashinsa akwai takardar shaidar ɗan asali, wadda da ita ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati. An ƙona masallatai da coci-coci, amma kujera da fili da kasuwa ake rigima a kai. Wannan bai rage min komai a imanina ba. Takaicina shi ne yadda ake aron rigar addini a rufe wannan kwaɗayi, talaka ya mutu yana zaton Allah yake karewa.

Abin da ya fi ci min rai mu ne. Muna zama a nan muna kukan an hana mu haya saboda launinmu, kuma kukan gaskiya ne. Watan jiya yayana ya kira ni kan gidan da na gina a Rigasa. Ya ce wani malamin makaranta na son haya, mutumin kirki, amma sunansa Bulus, ya sallame shi. Na ce, "Yaya, don Allah nemo shi ka ba shi makulli." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in wani abu ya tashi, kai za ka zo daga Amurka ka ɓoye shi?" Na ce ɗakin kaka yana nan a Tudun Wada, kuma shi ma yana gidan ranar da Baba ya buɗe shi.