Gilashin Karatu da Tsoron da Muke Yi Masa

Duk wanda ya saba zama a shagon tela ko rumfar masu ɗinkin hula ya san wannan yanayi. Mutum ya haura shekara 40, hannunsa ya gama faɗawa a kan sana'a, amma idan ya zo zura zare a kafar allura sai ya miƙe hannu can nesa, ya ƙanƙance ido, ya juya wajen haske, daga ƙarshe ya kira yaron shago ya ce, "Zo ka sa mini." Haka malami yake komawa neman Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, haka uwa take barin tsintar shinkafa ga 'ya'yanta. Idan ka ba su shawarar neman gilashi, amsar kusan ɗaya ce: "Ai gilashi kashe ido yake yi, da ka fara sawa ba ka rabuwa da shi." A ganina wannan magana ta raba mutane da yawa da sana'arsu da karatunsu tun lokacinsu bai yi ba, kuma ya kamata mu daina yaɗa ta.

A cikin idon kowane ɗan Adam akwai wani ɗan madubi mai laushi wanda yake sauya siffarsa domin a ga abin da ke kusa. Da shekaru suka ja sai ya fara taurarewa, kuma wannan taurin yana ci gaba a hankali daga wajen shekara 40 har zuwa wajen 60, ko mutum ya sa gilashi ko bai sa ba. Shi ya sa wanda ya fara da lamba +1.00 yakan buƙaci +2.00 ko +2.50 bayan wasu shekaru, sai ya ɗora wa gilashin laifin abin da shekaru suka yi. Ga kuma wani dalili: idon da ya ɗanɗani gani tangaran, idan aka cire masa gilashi sai ya lura da hazon da ya daɗe yana haƙuri da shi ba tare da ya sani ba.

Asarar da wannan tsoro yake jawowa ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa fiye da mutum miliyan 800 suna fama da raunin gani na kusa ba tare da gilashin da zai gyara musu ba. A jihar Assam ta Indiya an yi wani bincike da aka wallafa a 2018, inda aka ba masu tsinkar ganyen shayi gilashin karatu, sai abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Idan haka ta faru a gonar shayi, ina ga mai surfani da mai gyaran waya da maƙerin zinariya, waɗanda abincinsu gaba ɗaya yake a tazarar kamu ɗaya ko biyu daga idonsu?

Sai dai akwai inda nake jan kunne, wato gilashin tire da ake talla a kasuwa da tashar mota. Mai saye yakan ɗauki wannan ya ajiye wancan, yana gwadawa da guntun jarida ko takardar magani, har ya samu wanda ya fi fito masa da rubutu. Ba na cikin masu cewa irin wannan gilashi guba ne, domin ba ya lalata idon babba, kuma ya taimaki talakan da ba shi da wata hanya. Aibinsa shi ne lamba ɗaya ce a ɓangarorin biyu alhali idanun mutane da yawa ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka yakan sa wasu ciwon kai. Yaron da ba ya ganin allo a aji kuwa, wanda ake yi wa kallon daƙiƙi bisa zalunci, matsalarsa daban ce kuma sai an auna shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda gilashin tire yake hana mutum zuwa asibiti a daidai shekarun da hawan jinin ido yake fara ɓarna. Wannan ciwo galibi ba ya zafi, ba ya sa ido ja, daga gefe yake cin gani sannu a hankali yayin da tsakiya take nan lafiya, saboda haka mutum zai iya karanta saƙo a wayarsa sarai alhali jijiyar idonsa tana mutuwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 1 cikin 20 na waɗanda suka kai shekara 40 yana ɗauke da shi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su san suna da shi ba. Yanar ido ana cire ta a yi aiki gani ya dawo, amma abin da hawan jinin ido ya ci ya tafi ke nan, iyakar abin da likita zai iya shi ne tsare ragowar. Ciwon suga ma yakan sa gani ya riƙa sauyawa, mai shi ya yi ta canza gilashi bai san tushen matsalar ba.

Muna da wuraren zuwa: Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Na san kuɗin mota da layin kati da barin shago na yini guda ba abin wasa ba ne ga mai neman na yau. Duk da haka ina roƙon wanda ya kai 40 ya daure ya je, kuma idan ya je kada ya tsaya ga karanta haruffan bango kawai, ya nemi a auna masa ƙarfin ruwan ido a kuma duba jijiyar. Idan an samu ciwon a jikinsa, ya sanar da 'yan'uwansa na ciki ɗaya da manyan 'ya'yansa su ma su je, domin yana bin dangi.