Yadda ɓallin goro ya kunyata ni a kan garmahon Baba

Ni fa duk abin da ya same ni a satin nan bakina ne ya ja min. Hajiya ce ta zo mana kwana biyu, tana zaune a falo sai idonta ya kai saman sif inda na ajiye garmahon marigayi Baba tun da aka raba gado, ta ce "wai abin can har yanzu yana magana kuwa?" Maimakon in ce Allahu a'alamu in yi shiru, sai kawai na ji na ce "ai gyaran minti goma ne Hajiya." Uwargida tana kicin ta yi wani ɗan tari. Na san tarin nan, irinsa ta yi ranar da na ce zan gyara fanka.

Garmahon ba irin na da can ba ne da ake wanawa da hannu, mai cin faifan nan mai gudun 78, wato zagaye 78 a minti, da ke fashewa kamar tangaran in ya faɗi. Wannan na lantarki ne ƙirar Japan, Baba ya saye shi a Sabon Gari tun ba a haife ni ba, gudu biyu gare shi, zagaye 33 da sulusi a minti na manyan faifai, 45 na ƙanana. Na sauko da shi na kaɗe ƙurar hunturun da ban san ta shekara nawa ba ce, na jona. Moto na ɗan gurnani a ciki amma farantin ko gezau. Da na ɗaga farantin sai na tarar bel ɗin da ke jan sa ya narke ya koma kwalta, na dangwala yatsa in tabbatar, na manta na share gumi da yatsan, haka na yini da baƙin tabo a goshi babu wanda ya gaya min a gidan nan sai da na je masallaci la'asar.

Bel dai babu, kuma na riga na ce minti goma. Sai na yanko tsohon tiyub ɗin keken yarona na ɗinke bakin da zare na ɗaura. Wallahi ya juya! Na ɗora faifan da Hajiya ta zaɓa, na wani tsohon mawaƙin kalangu, na sauke allura. Matsalar kawai duk sanda ɗinkin nan ya zo wucewa ta kan moto sai mawaƙin ya yi shaƙuwa. Hajiya ta saurara can ta ce "Allah sarki, ashe ba shi da lafiya lokacin da aka ɗauka."

Washegari na shiga kasuwa da zaren da na auna tsawon na samo bel na gaske. Shaƙuwa ta tafi, sai wata sabuwa ta fito. Mutumin zai fara waƙa a hankali kamar wanda aka tasa daga barci, makaɗa na jan ƙafa, can kuma ba zato sai duk su zabura kamar kare ya biyo su, su sake lafawa. Nan na gane abin a ciki yake, na kifa shi a kan tabarma na ɗauko sukudireba.

To a nan ne na ɗan yi karatu, don ba zan ɓoye ba har ƙarfe ɗayan dare ina kan intanet. Ashe moton irin wannan ba ya cin wutar bango kai tsaye, taransifoma ce ke rage ta, a mayar da ita irin ta batir, sannan akwai wani ɗan fanel da bai kai tafin hannu ba wanda aikinsa kenan gadin gudu, in moto ya yi sanyi ya ƙara masa wuta in ya zarce ya rage. A kan fanel ɗin akwai kafasitoci kamar 'yan gwangwanaye a tsaye, da ɗan ruwa-ruwa a cikinsu, in suka shekara arba'in sai su bushe su daina riƙe wuta. Ɗaya ma har ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace. Ga kuma wasu 'yan mitsi-mitsin abin murɗawa guda biyu, an rubuta 33 a gefen ɗaya 45 a gefen ɗayan. Na ce shi ke nan na kama ɓarawo.

Na sayo sabon kafasita mai lamba iri ɗaya, na aro ayon ɗin liƙi da dalma wajen maƙwabci. Abin da karatun daren bai zauna min a kai ba shi ne wannan abu yana da gaba yana da baya, akwai zane a jikinsa da ke nuna ƙafar da ba a juyawa. Ni kuwa na ga ƙafa biyu rami biyu, na zura na liƙe. Na tara mutanen gida na ce kowa ya zo ya ga aiki. Na kunna. Ya yi kamar daƙiƙa biyar lafiya lau sannan TAU! Hajiya ta saki salati, uwargida ta ruga ta kashe gas, yarona da ke leƙe ta kafaɗata sai a bakin ƙofar gida aka same shi. Falo ya cika da wani wari kamar an ƙona kifi da roba, ga wani abu kamar auduga ya watsu har gemuna. Na ce musu gwaji ne dama. Babu wanda ya amsa.

Rana ta uku na sa wani daidai, na duba zanen ya fi sau bakwai, na wanke makunnin canja gudu da sifirit. Alhamdulillahi gudu ya tsaya cak, saura saiti. Shi kuma saitin akwai dabararsa mai daɗi, a gefen farantin akwai layukan ɗigo-ɗigo da wata 'yar fitila ja da ke haska su. Fitilar ƙyaftawa take da bugun wutar gida, tamu 50 ce a daƙiƙa ta Amurka 60, shi ya sa ma layukan suke huɗu, kowace wuta da layin 33 da na 45. In gudu ya yi daidai sai ka ga ɗigon sun tsaya wuri ɗaya alhali faranti na juyawa. Ina cikin haka aka ɗauke wuta, na ce yau ko me za a yi sai na gama, na tada ɗan janaretona na dawo na yi ta murɗa na 33 ɗin nan har ɗigo suka ƙame kamar sojoji.

Na kira Hajiya da girmamawa na sa mata faifan. Ba a yi baiti biyu ba ta ce "kai, wannan ba muryarsa ba ce. Mutumin da in ya buɗe baki sai ka ji a ƙirjinka, wannan kuwa kamar ƙanwarsa." Na ce Hajiya ki dubi ɗigon nan, a tsaye suke, wannan kimiyya ce. Ta ce "ita kimiyyar ta taɓa ganinsa? Ni a gabana ya yi wasa a bikin yayata." Na yi ta bayanin 50 da 60, ta ce in na gama in miƙo mata carbinta.

Don in wanke kaina na ɗauki garmahon a kai kamar mai talla na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu. Na zayyana masa komai. Ko sukudireba bai ɗauka ba, ya ɓalli goron da yake ci ya ɗora a gefen farantin, ya kunna, ya cire agogonsa ya riƙe. Ya ce "ɗana, 33 da sulusi sau uku nawa ne?" Na yi shiru ina lissafi, ya ce "ɗari ne. Minti uku, goron nan ya wuce gabana sau ɗari." Muka zauna ni da shi muna ƙirga goro, masu wucewa na kallonmu. Minti uku ta cika muna 108.

Ya ce "da wace wuta ka saita?" Na ce janareto Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai ƙaramin janareto ba shi da alƙawari, in ba kaya a kansa sai ya yi ta zuba gudu, fitilar ta bi shi, ni kuma na bi fitilar na kora moto. Ya ɗan taɓa abin murɗawar, muka sake ƙirgawa, 102, ya sake taɓawa, 100 cif. Da zai rufe ya ƙura wa liƙin dalmata ido ya ce "wa ya yi maka wannan, kamar kaza ta bi ta kai?" Na ce wani yaro ne a unguwarmu. Ya ce kada in ƙara kai masa.

Da daddare na sa wa Hajiya. Muryar ta fito da kaurinta, ta lumshe ido tana gyaɗa kai ta ce "yauwa, ga shi nan." Uwargida ma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ana tsakiyar waƙa sai allura ta maƙale, mutumin ya kama maimaita kalma ɗaya, ya faɗa ya koma ya faɗa ya koma. Na miƙe da sauri zan ɗauko sukudireba, Hajiya ta ce "zauna, wannan ba na inji ba ne. Kai ka karce shi da cokali kana shekara huɗu, ranar ma ka ce gyarawa kake."