Jakar Birkebeiner da dawakin Hawan Daushe

Wani abokin aikina ɗan Norway ya gama ba ni labarin tseren da ya shiga a watan Maris, sai ya tambaye ni wai mu in ban da ƙwallo, akwai wani wasa da muka gada? Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai.

Tseren nasu sunansa Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, a kan dusar ƙanƙara, ta kan duwatsu. Mutum ya ɗaura wasu dogayen abubuwa sirara kamar katako a ƙafa, sanda biyu a hannu, yana tura kansa yana sulu, gemu duk ya daskare, majina na zuba ba mai kallon wani. Kuma dole kowa ya goya jaka mai nauyin kilo 3.5. Jakar nan a madadin jariri take: a 1206, ana yaƙin basasa, mayaƙa biyu suka tsere da ɗan sarki Hakon ta cikin dusar. Tun 1932 suke tunawa da shi da wannan wahala, likita da direban bas a layi ɗaya. A irin wannan ƙasa gwanar wasan sulu Marit Bjorgen ta tashi har ta tara lambobin Olamfik 15, ga wani gwanin, Johannes Klaebo, da ya kwashe zinare shida a gasar sulu ta duniya da aka yi a garin Trondheim a 2025.

Tsari kam suna da shi, ban musa ba. Hanyoyin sulun cikin daji har fitila aka sa musu, kuma kyauta ne. Amma don Allah wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga 'yan lifidi, ya ji kakaki, ya ga an sako dawaki an ja linzami a gaban Sarki, shi za a yi wa gorin gado? UNESCO ma ta sa hawan Kano cikin kundinta a 2024. Ban ma kawo maganar dambe da langa ba.

Sai dai su in aka fasa tserensu, iska ce ko korona. Mu kuwa rigimar sarauta ta sa sallah ta zo ta wuce ba hawa. Mai doki ya ciyar da shi shekara guda da tsadar harawa da dusa, masu ɗinkin kayan doki sun ci bashi sun yi aiki, yara sun ƙirga kwanaki, sannan ana gab da sallah a fito a ce an hana.