Saurayin da ba shi da inda zai je da safe

Shekaranjiya da magariba, muna fitowa daga masallaci, wasu samari biyu suka diro daga Adaidaita Sahu a bakin layinmu, suka nuna wa wani bawan Allah wuƙa, suka karɓe wayarsa. Kafin a yi ihun ɓarayi sun yi layar zana. Ɗaya daga cikinsu na gane shi sarai. A gabana aka haife shi, har waina na ci ranar sunansa.

Da aka dawo majalisa kowa ya kama faɗin albarkacin bakinsa: rashin tarbiyya ne, iyaye sun yi sakaci, yaran zamani ba sa jin magana. Ban musa ba. Sai dai na riƙa tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Da an idar da sallar asuba zai ɗaura kwanon abincinsa a bayan keke, titi ya cika da kekunan ma'aikata, kowa na sauri kada a rufe ƙofa da shi a waje. Yayyenmu da suka gama sakandare nan suka bi sahu. Wanda zai shiga aiki ƙarfe shida na safe ba ya kaiwa ƙarfe biyun dare a bakin titi. Ga shugaban aiki yana sa masa ido, ga albashin da yake tsoron rasawa, ga yarinyar da yake tara kuɗin lefenta. Rabin tarbiyyar da muke yabon iyayenmu da ita, wallahi masaƙa ce ta taya su.

Yanzu ka zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga masana'antun da suka koma sito, ko ciyawa ta cinye harabarsu. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, unguwar Kakuri ta yi tsit. Babu wuta, baƙin mai ya yi tsada, atamfar Sin ta fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Samari suka koma acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano. Suka koma Adaidaita, kullum suna fafutukar haɗa balas ɗin mai ita. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a kwana biyu, daga baya ta wuce 1,000. Duk ƙofar da yaro ya murɗa sai ya tarar an sa mata kwaɗo.

Abin dariya, abin kuka, a takarda matsalar ta kusa ƙarewa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki kuma suke son yi ba su da shi. A 2023 aka sauya ma'auni, adadin ya faɗo kashi 4.1, domin duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka biya shi, ma'aikaci ne. Wato yaron da ya taya mai shayi wanke kofuna aka miƙa masa naira ɗari biyu, shi ma ya samu aiki. To madalla.

Zaman kashe wando kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. An haramta maganin tari mai kodin a 2018, yara suka ƙara rungumar tiramol da wiwi da sholisho. Mai sayar musu ba aljani ba ne, kowa ya san shagonsa. Kuma su wa ke ɗaukar su haya lokacin kamfe? A ranar "matasanmu" ne, a ba su dubu biyu da hular jam'iyya su bi motar mai gida da gora. Bayan rantsuwa sun zama "ɓata-gari". In an tuna da su, a raba baro da keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watse.

Kada wani ya ce ina wanke su. Wanda ya soka wa mutum wuƙa saboda waya a hukunta shi, talauci bai riƙe masa hannu ba, kuma dubban tsaransa suna dako a Kasuwar Singa cikin rana ba su taɓa kayan kowa ba. Sannan ku dubi 'ya'yan masu hali da ke tseren mota ranar ɗaurin aure har su take mutane. Yunwa ce ta sa su? Su ma dai babu wanda ke jiran su a ko'ina ƙarfe bakwai na safe.

Jiya na bi ta ƙofar gidan su yaron nan da niyyar in faɗa wa babansa abin da na gani. Na tarar da shi kan tabarma a zaure, rediyo a kunne. Tare suka yi masaƙa da mahaifina, kuma har yau yana jiran kuɗin sallamarsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Ya tambaye ni iyali, ya ce in na ji wani wuri ana ɗaukar ko da masu gadi ne, in tuna da ƙanena. Na ce to, in sha Allahu, na tashi na tafi.